Wayar da Harisu Ya Ɗaura a Kan Darbejiya

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Ƙunshi na uku ke nan cikin wata guda. Wani direba ke ajiye wa Harisu a Yankara, shi kuma ya hau babur ya ɗauko, ya wuce da shi ɗakin zaure ya datse ƙofa. Na tambaya, ya ce kayan aiki ne. Shekara tara ina auren malamin gona, ban taɓa ganin irin masarar da ake ɓoye wa matar gida ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Ya ɗauke mini murhun gawayi. Zauren yana warin ƙonanniyar roba.

Asabar, 13 ga Yuli

Yau ya hau darbejiyar bayan gida ya ɗaura doguwar waya, ta ɓangaren da ke kallon daji. A Faskari, da rana tsaka. Mutumin da muka gama jami'a tare.

Maƙwabciyarmu Hajaratu ta shigo aron taɓarya, alhali biyu gare ta. "Maman Rukayya, wagga waya ta shanya ce? Na ga ta yi sama da yawa." Na ce e, tsuntsaye za su riƙa kwaso mana kayan. Ba ta yi dariya ba.

Kowa ya san sunan da ake ba mai waya a kan bishiya yanzu: infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari. Wanda aka laƙaba wa sunan bara a wani ƙauye kusa da mu, ba a tsaya jin ta bakinsa ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ya daina zama majalisa. In na shigo sai ya kife wayarsa ta hannu. Amma bai yi sabuwar riga ba, bai ƙara ƙiba ba. In infoma ne, to cutarsa ake yi.

Ba zarginsa nake ba. Rubutawa kawai nake.

Talata, 16 ga Yuli

Ya tafi Damari duba gonaki, ni kuma na gwada makullan gida har ɗaya ya buɗe zauren. Ɗan allo kore kamar tafin hannu, an jera masa ƙananan abubuwa kamar wake da tsaba. Dunƙulen dalma. Doguwar ƙusa da aka ɗaure wa tsumma a kai, bakinta ya yi baƙi. Ashe ita yake gasawa a gawayina ya narka dalmar, tunda wutar lantarki ba ta zama.

Akwai ɗan littafi da Turanci. Wai kayan koyon haɗa rediyo ne, daga ɗan shekara goma sha biyu zuwa sama. Harisu yana da arba'in da ɗaya.

Na sa batir na murɗa. Shiru. Takarda ta ce rediyo ce, rediyo ba ta ce komai ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Mai unguwa, Alhaji Barau, ya zo da 'yan sintiri biyu. Daga bayan ƙofa na saurara. "Malam Harisu, mu mun san ubanka, amma mutane sun ce oba-oba kake haɗawa, ta magana da 'yan daji." Ya rantse rediyo ce. Ɗaya daga 'yan sintirin ya ce, "To mi ya hana ta magana?" Alhaji ya ce za su dawo bayan sallar Juma'a. In ta yi magana, shi ke nan. In ba ta yi ba, maganar ta fi ƙarfinsa.

Da suka fita na tsare shi. Wai kunya ce. Tun yana firamare yake son haɗa rediyo da hannunsa, yana tsoron a ce babban mutum na wasan yara. A wayar hannun ma bidiyon koyo yake kallo. Ya zaɓi a kira shi infoma da a yi masa dariya. Maza!

Labarin ya zauna daidai, har ya so ya yi yawa.

Alhamis, 18 ga Yuli

Yau ban je makarantar da nake koyarwa ba. Tarihi na karanta, amma karatu karatu ne. Na bi littafin layi-layi, yana gefe yana hura gawayi.

A shafi na shida na kama shi. Akwai wasu 'yan gwangwanaye masu ƙafa biyu, kafasita, doguwar ƙafa da gajera, kowace da raminta. Malamin gona ba ya jure ganin shuka ba daidai ba: tun ranar farko ya sa almakashi ya daidaita ƙafafun duka, sannan ya dasa yadda ya ga dama. Na ce, "Abban Rukayya, wannan ba yabanya ba ce." Allah ya taimaka akwai farin zane a jikinsu da ke nuna gefen gajerar. Uku ya juya. Ya ciro sababbi daga ƙunshi na biyu.

Na karɓi ƙusar daga hannunsa. Dalma tana narkewa ta zauna kamar ɗigon ruwa a kan ganye. Na ƙona yatsa sau biyu.

Wajen la'asar ta yi ƙara, shuuu, amma babu murya.

Juma'a, 19 ga Yuli

Mutum ya fi goma a zaure. Harisu ya haɗa wayar darbejiya ya murɗa, shuuu. Ya sake, shuuu. Ɗan sintirin nan ya gyara tsayuwa. Daga bakin labule na ce wa Alhaji, "Baba, a ce masa ya murɗa a hankali, ba famfo ba ne."

Sai muryar wata mata ta fito daga rediyon tana bayanin tsutsar masara. Alhaji Barau ya saurara har ƙarshe, ya ce tasa gonar ma ta kamu. Sannan: "Rediyo ce. Amma a sauke wagga waya yau."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado.

Litinin, 22 ga Yuli

Hajaratu har yanzu daga nesa take gaisuwa. Ɗazu Harisu ya tambaye ni, bai kalle ni ba: "Shafa'atu, ke ma kin ɗauka gaskiya ne?" Na ce ya matsa, yana tare mini haske. Bai sake tambaya ba, shi ya fi damuna.

Saura ƙunshi na uku, na fitila mai kunna kanta in duhu ya yi. Na ce a tsakar gida za a haɗa, ƙofa a buɗe, kuma ni zan riƙe littafin. Don tsaro ne kawai.

Na buɗe ƙunshin kafin ya dawo.