Gyaran Hausar da Ya Tona Asirin Dorcas

Anti Dijatu, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni.

Ni malama ce a wata sakandaren kwana a nan Mubi, ni ke koyar da aikin jarida. Duk Litinin yarana ke karanta labarai a asambule. Abin da na fi nanata musu shi ne amana: wanda ya ba ka labari a ɓoye, ko korar ka za a yi kada ka tona shi. Ina kuma yawan tsokanar su kan Hausarmu ta Mubi, inda mace ma "ya zo" ake ce mata. Wasa nake, Allah ya sani.

Winifred, wadda ta fi kowa ƙwazo, ta samo labarin cewa wake mai ƙwari ake dafa wa ɗalibai. Dorcas ce ta gaya mata, wata 'yar ƙauyen Kwaja mai shiru-shiru. Winifred ta rubuta cewa wani ɗalibi daga Kwaja ya shaida mana. Da gangan ta yi, don samarin Kwaja suna da yawa a makarantar, mace kuwa Dorcas ce kaɗai. Ridwan mai karantawa ya san wadda ta faɗa, ya ɗauka kuskuren nan ne da nake musu dariya a kai. Sai ya gyara a gaban kowa, ya ce wata ɗaliba ta shaida mana. Duk filin ya juya yana kallon Dorcas.

Shugaban makaranta ya kira mahaifinta, aka ce 'yarsa mai haɗa fitina ce. Uban ya kwashe kayanta ya mayar da ita gona, ga jarrabawar fita ta ƙarato. An canja waken, amma Winifred ta daina haɗa ido da ni, Ridwan ko baki ba ya buɗewa a aji. Raina ya ɓaci ƙwarai, Anti, kuka nake. In haƙura da koyar da wannan abu ne?

Malama mai baƙin ciki, unguwar Lokuwa, Mubi

Malama, na ji zafin wasiƙarki, amma kada ki daina.

Labarin gaskiya ne, yara kuma sun huta da cin ƙwari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a kan Dorcas abin ya ƙare. Ridwan ba mugunta ya yi ba, so ya yi ya burge malamarsa. Winifred ma da sauranta: me ya kai Kwaja cikin labarin, kuma ta yaya Ridwan ya san sunan? Ki nuna musu wannan ba tare da faɗa ba, tsokanar nan kuma ki rage.

Darasin zai iya jira, jarrabawa ba za ta jira ba. Ki fara da shugaban makaranta, cikin ladabi, har ya yi miki alkawarin sake karɓar Dorcas. Asabar ɗin nan ki ɗauki yaran biyu ku tafi Kwaja, ku durƙusa ku gaida mahaifinta, ki gaya masa cewa gaskiya 'yarsa ta faɗa. Muddin kujerar Dorcas babu kowa a kai, duk abin da za ki faɗa kan amana ba mai jin ki.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya dawo da Dorcas aji.

Anti Dijatu