Ka Mayar da Baba Asibiti

Yaya Zdravko,

Gaisuwa gare ka da matarka Milka da yara. Ni lafiya lau, tari ne kawai, sanyin nan garin Uppsala bai bar ni ba.

Mama ta ce wata huɗu Baba yana gudawa, magani ya kashe ƙwayoyin cikinsa masu amfani. Likita ya ce a tace bayan gidan mai lafiya a zuba masa a hanji, ka ce ƙazanta ce, ka dawo da shi gida! Shekara bakwai wannan ne aikina, na ga tsofaffi sun miƙe. Ko tambayata ba ka yi ba.

Ranar Litinin ka mayar da shi asibitin Plovdiv. Ka ce a gwada naka bayan gidan. In ya dace, kai za ka bayar.

Allah ya ba shi lafiya.

Ƙanwarka,
Rumyana