Fim Ɗin Ƙanena Ya Sa Na Daina Cin Naman Mijina

Assalamu alaikum Anti Amatullah. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ba zan iya kai maganar nan gida ba, domin daga gidan ta fito.

Ni matar aure ce a Poumpoumré, nan Garwa. Shekararmu goma sha shida da maigidana, Baban Hidaya, 'ya'yanmu huɗu. Mahauci ne, gado ya yi, kuma da ƙafarsa yake zuwa Meiganga ya zaɓo shanu. Ina da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira shi Nasrullahi. Tun da ya gama karatu a Ngaoundéré ba abin da ke ransa sai fim. Bara ya tara abokansa, suka aro kyamara ɗaya, suka yi wani fim da yanzu yake yawo a wayoyin mutane. Ba zan rubuta sunan fim ɗin ba, amma na turo miki shi.

Labarin wasu mutum bakwai ne da ba sa rasa sahun gaba a masallaci, ashe 'yan ƙungiyar asiri ne da aka turo daga waje. Aikinsu su riƙa cusa wa gari naman mushe, mutane su ci haram, addu'arsu ta daina karɓuwa. Wani malamin Islamiyya ya gano su, suka shiga farautarsa.

Da farko alfahari na yi. Na ga gadar Binuwai, na ji ana Hausa ana Fulatanci ana jefa Faransanci kamar yadda muke yi a kasuwa. Har dariya na sha, don kowa ya gane jinin da ake zubarwa folere ne, wato zoɓo, kuma wani da aka kashe a garin Bogo sai ga shi can gaba yana tayin tumatir a bayan jarumin. Dariyar ta tsaya ne da shugaban ƙungiyar ya kware rawaninsa. Mahauci ne. Yana gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana. Yana ɗaura hankici a wuyan hannunsa na hagu. Ranar Alhamis yake tafiya Meiganga. Anti, wannan Baban Hidaya ne, suna kawai aka canza. Rumfar ma tasa ce, shi ya ara musu ita har da wuƙaƙe, bai ko tambayi labarin ba.

Na kira Nasrullahi, ya ce fim ne kawai, in daina ɗaukar abu da zafi. Amma ban manta ba, ranar sunan autarmu maigidana ya ce masa a gaban mutane ya nemi sana'ar maza ya bar wasan yara. Ramuwa ce? Ko kuwa wani abu ya gani a rumfar da ya kasa faɗa mini baki da baki? Wannan na biyun ne yake cina.

Maƙwabciyata Hajjo, wadda shekara da shekaru a wajensa take sayen nama, ta koma wata rumfa, ta ce wai ta fi kusa. A makaranta ana kiran Hidaya 'yar shugaba. Maigidana kuwa bai kalli fim ɗin ba, ya ce ba shi da lokacin shirme. To rashin damuwar tasa ma sai na ga kamar alama ce. Na duba wayarsa, abin da ban taɓa yi ba. Akwai wani Gaston da yake yawan kiransa, kuma in ya kira sai maigidan ya fita tsakar gida. Waye Gaston? Me ya sa tafiyar da ake kwana biyu ta koma kwana uku?

Sati uku ke nan ban sa namansa a bakina ba. Kifi nake dafawa, na ce masa likita ne ya hana ni saboda hawan jini, na yara kuma in faki ido in ba almajirai, in yi ƙaryar cewa ya lalace. Jiya ya kawo hanta, ya ce ya ware mini ita ne tun da safe. Na karɓa. Anti, mijina zan zarga ko ƙanena? Ko ni ce na samu matsala?

Taki, Mai Zullumi, Poumpoumré

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na kalli fim ɗin har ƙarshe kafin in amsa miki.

Ƙanenki yana da basira, kada a hana shi wannan. Ya iya riƙe mai kallo, wurin da malamin ya ɓuya a cikin motar shanu ni ma sai da na riƙe numfashi, kuma ya nuna garinku da bakin mutanensa. Folere da mamacin da ya tashi sayen tumatir rashin kayan aiki ne, ana yafe su. Abin da ba a yafewa shi ne ya ɗauki kamannin mutum mai rai, mai iyali, ya liƙa masa laifin da zai iya rushe sana'arsa, ya kuma shafa wa mahauta gaba ɗaya. Fim ɗin yana ta ambaton Allah, amma abin da yake koya wa mai kallo shi ne zato da bin diddigin mutane, waɗanda addinin ya hana.

Ki lura da yadda irin wannan fim yake aiki. Yana mayar da gyaran murya hujja, tafiya hujja, shiru ma hujja. Shi ya yi aiki a kanki. Cire fim ɗin ki ga me ya rage: mai fataucin shanu da ake yawan kira a waya. Gaston zai iya zama direba ko dillali. Saniya kuwa a mayanka ake yanka ta, a gaban mutane da yawa, likitan dabbobi ya duba. Ban ce mijinki waliyyi ne ba, ban san shi ba. Na ce dai ba ki da komai a hannu.

Game da Nasrullahi, zai yiwu ramuwa ce, zai yiwu lalaci ne, ya kwafi wanda ya fi sani. Ko wanne ne, gyara ya hau kansa. Ki samu babba a gidanku, kawu ko baffa, ya zaunar da shi. Ya ba surukinsa haƙuri, ya ɗauki gajeren bidiyo a rumfar yana bayyana cewa ƙirƙira ce, ya tura ta hanyar da fim ɗin ya bi. A je makarantar Hidaya kuma a yi wa malaminta magana.

Amma kafin duk wannan, ki zauna da mijinki ku kalli fim ɗin tare, domin ana cin mutuncinsa bai sani ba. Ki tambaye shi Gaston kai tsaye. Ki faɗa masa gaskiyar hawan jinin nan da bakinki. Zai ji zafi, ki ba shi haƙuri, ki bar shi ya huce. Masu saye za su dawo in sun ga gaskiya. Abin da zai yi wuyar gyaruwa shi ne ya ji daga bakin wani cewa ke ma, bayan shekara goma sha shida, kina cikin masu zarginsa. Kada ki kai Juma'a ba ki yi maganar ba.

Allah ya yaye miki waswasi, ya tsare mutuncin maigidanki, ya shiryi hannun ƙanenki, ya bar ku tare cikin aminci.

Anti Amatullah