Ni Ke Kai Ta Wankin Ƙoda

Litinin, 1 ga Satumba

Mun sake makara. Gyaran gadar nan sai ya ga bayana. Sun rufe hannu ɗaya, duk motocin bayan gari sai su cunkushe a layi guda, masu babur na kutsawa ta ko'ina. Tun gari bai gama wayewa ba na fito da Maman Auta, amma sai da rana ta ɗaga muka shiga asibiti.

Babbar nas ta sashen wankin ƙoda, wadda nake kira Mai Agogo a raina, da ƙyar ta amsa gaisuwata. Ƙa'idarsu ke nan: kowa awa huɗu a kan na'ura, da tsakar rana a sauke 'yan safe a ɗora 'yan yamma. Abin da ka makara, daga naka ake yankewa. Na roƙe ta a ƙara wa matata ko kaɗan ne. Ta ce, "Malam, wanda zai hau bayanta shi ma ƙodarsa ba ta aiki." Na fita na yi ta goge gilashin mota.

Laraba, 3 ga Satumba

Haka dai. A hanyar dawowa, idonta a rufe, ta ce, "Baban Auta, Tela fa a jirgi take zuwa." Tela wata dattijuwa ce da gadonta ke kusa da nata a ɗakin wankin, kuma a unguwarmu take. Wai tashar jirgin tana bayan asibitin, da ƙafa ake ƙarasawa. Wai ba ta taɓa makara ba.

Na ce Tela ba ta da mai kai ta ne. Ke kuwa kina da miji, mijin ma sana'arsa koya wa mutane tuƙi. Ga sunan makarantata ɓaro-ɓaro a jikin mota, sai kuma a ga matata tsaye a tasha da jakar asibiti? 

Alhamis, 4 ga Satumba

Wani ɗalibi ya bugo ya ce ya fasa, wai tun da aka ƙaro jiragen safe bai ga amfanin lasisi ba. Jirgin nan ya kashe min kasuwa, yanzu kuma matata yake nema.

Kuma ba taurin kai ba ne kawai. Hannunta na hagu, inda likita ya haɗa jijiyar da ake soka allurar wankin, ko agogo an hana ta ɗaurawa. A turmutsutsun safe wani ya buge shi da jaka fa? Ga matakala. Ga masu tari. A mota kujerarta daban, in kwantar mata da ita, in kunna sanyi. Wa zai yi mata wannan a tarago?

Juma'a, 5 ga Satumba

Awa uku ta samu. Ƙafarta ta kumbura, takalminta ya ƙi shiga, da silifas ɗina ta tafi.

Lahadi, 7 ga Satumba

Auta ta kira daga gidan mijinta. Ashe sun gama ƙulla maganarsu ita da uwarta. "Baba, don Allah ka bar ta ta gwada jirgin, sau ɗaya." Na ce ke da kike can nesa kin fi ni sanin hanyar garin nan? Ta ce a gaida gida. Ban ji daɗin yadda na yi mata ba.

Abin da ban iya faɗa musu ba: ranar da likita ya gwada ni ya ce ƙodata ba ta dace da tata ba, a cikin motar nan na zauna na yi kuka. Na ce mata tunda ban iya ba ki komai ba, ni zan kai ki, ni zan dawo da ke, har iya rayuwata. Shi kaɗai ya rage min da nake yi mata. In aka karɓe wannan, me nake?

Litinin, 8 ga Satumba

Sikeli ya nuna ta ƙara nauyi, kuma ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Mai Agogo ta ja ni baranda. Ta ce ruwan da na'ura ba ta samu lokacin cirewa ba yana nan a jikinta, daga ƙafa zai hau, in ya kai huhu ba ta son ta faɗi sauran. Na fara yi mata bayanin gada. Ta katse ni. "Ba ruwana da abin da kuke hawa, ko jaki ne. Ina son ta a kan gadon nan kafin na kunna na'ura."

Mace ce mai baƙin rai, amma tsoro ya shige ni.

Laraba, 10 ga Satumba

Na tashe ta tun da sauran duhu, ko ruwan shan magani da ƙyar ta haɗiya. Duk da haka wata tifa ta mace a tsakiyar gada. Na leƙa ta taga na wanke wani ɗan tasi tas, shi ma ya rama, har mun kusa saukowa. Ita dai ta juya fuska tana kallon waje.

Yanzu sai ta jera matasan kai uku take iya kwanciya. Ta ce haka ta fi jin daɗi. Ƙarya take, numfashi ne.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na samo mafita, kuma haushin kaina nake ji da ban tuna tun farko ba. Akwai hanyar bayan kasuwar katako, inda nake kai ɗalibai su koyi ribas. Daga nan a tsallake layin dogo, a ɓulle ta tsohuwar gada, ba ruwanka da cunkoso. Na bi ta yau da rana da wata ɗaliba, fayau, ko akuya ba mu gani ba. Na ce wa Maman Auta gobe sai ta riga Tela hawa gado. Ta ce Allah ya sa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Da rana na san hanyar nan, ban taɓa bin ta da safe ba. Ashe duk wanda gada ta isa ya gano ta. Mun iso layin dogo ƙarfen shinge yana sauka, motoci sun yi layi a gabanmu. Jirgin safe ya wuce, a hankali, har ana ganin mutane a zaune wasu na gyangyaɗi. Na ga Maman Auta ta bi shi da ido har tarago na ƙarshe.

Shingen bai tashi ba, wai jirgin kaya na tafe. Na duba agogo, na duba fuskarta, leɓenta ya bushe. Hannun masu tahowa babu kowa. Sai na karya sitiyari na fita daga layi, na je na tsaya a gaba, a hannun da ba nawa ba. Ni. Da allon koyon tuƙi a saman mota. Abin da in ɗalibi ya yi nake taka masa birkin gefena in ce ya sauka. Ganin motar malami ta yi, sai na baya suka biyo ni. A can tsallake su ma haka suka yi.

Da shinge ya tashi sai ga mu goshi da goshi, hannu biyu a cike ta kowane ɓangare. Ba gaba ba baya. Hon, zagi, mai gadin shingen yana ɗaga tuta yana ihu a janye daga kan layi. Wani direban bas ya nuna allon motata ya ce, "Malam, a nan ma darasi ne?" Mutane suka yi dariya.

Lokacin da muka isa, 'yan safe sun kusa sauka. Mai Agogo ta ce ba za ta soka mata allura don abin da bai kai awa ɗaya ba, 'yan yamma kuma sun cika, gobe ma haka. Sai Litinin. Ta ce kada ta sha ruwa sai abin jiƙa baki, in numfashi ya canja mu taho ko yaushe ne. Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi.

Tela ta ɗago mana hannu daga kan gadonta.

Asabar, 13 ga Satumba

Na soke darussa. Tana zaune a kujera tun safe, ta kasa kwanciya. Ina ba ta ƙanƙara ƙwara ɗaya-ɗaya ta tsotsa. Duk motsin da ta yi sai gabana ya faɗi. Ban kira Auta ba, kunya nake ji.

Lahadi, 14 ga Satumba

Da hantsi ta kira ni daga ɗaki, muryar ba ta fita. Ƙirjinta na wani ƙurƙur, gumi ya jiƙa mata riga. Na ɗauke ta cak, ban san ina da wannan ƙarfin ba. Titi babu kowa, ranar hutu, gada a buɗe. Ban taɓa isa asibitin nan da sauri haka ba.

Sun sa mata iskar numfashi, suka ɗora ta a na'urar gaggawa. Likita ya ce ruwa ya shiga huhu, da mun ƙara jinkiri da wani labarin ake. Na zauna a benci da makullin mota a hannuna.

Mota ce ta kawo ta yau. A rubuta wannan. Jirgi ba ya zuwa ƙofar gida ya ɗauki mutum.

Na san kuma abin da ya kawo mu nan ɗin.

Talata, 16 ga Satumba

An sallame ta. Kafin mu fito ta ce in zauna a bakin gado. Ta ce gobe da Tela za ta tafi, ba shawara take nema ba. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Baban Auta, a mota ba na iya ce maka ina jin jiri. Da na faɗa sai ka ƙara wuta, ka fara faɗa da mutane. Sai in rufe ido in yi kamar barci nake, ina addu'a mu isa."

Duk watannin nan na ɗauka hutawa take yi. Zuciyata ta yi min zafi ƙwarai. Na ce to.

Laraba, 17 ga Satumba

Na kai su tasha ita da Tela. Na'urar hawa bene ta lalace, sai matakala, kamar yadda na faɗa. Ta huta sau biyu kafin ta kai sama. Na riƙe jaka, na tare mata hannun hagu da jikina. Da jirgi ya tashi na sauko da gudu na shiga mota, na ce bari mu gani.

Na iske ta a kan gado, bargo a ƙafa, na'ura ta daɗe da fara juyawa. Tela ta ce, "Sannu da zuwa, direba. Ya hanya?" Tsohuwar nan bakinta ba ya shiru. Awa huɗu cif.

Juma'a, 19 ga Satumba

Awa huɗu. Ban bi su ba, na yi darasi. Ɗaliba ta ce yau ban yi mata tsawa ko sau ɗaya ba, ko lafiya.

Litinin, 22 ga Satumba

Jirgi ya yi jinkiri yau, mun daɗe tsaye a tasha, babu wanda ya fito ya ce ga dalili. Na ce kun gani ko. Tela ta ce na gani, je ka duba gada. Duk da haka sun isa kafin a kunna. Da yamma na ɗauko ta a tasha ta dawo a gajiye, wani saurayi ya ƙi tashi ya ba ta kujera sai da Tela ta kunyata shi. Wannan ya tsaya min a rai. Da ina wurin.

Laraba, 24 ga Satumba

Kulocin mota yana ɗan ƙara, na kai wa bakanike jiya. Ya ce ba komai ba ne, zai iya kai wata uku. Na ce ya riƙe ta dai ya duba da kyau. Shi ya sa yau na shiga jirgi, ba wani abu ba. Tela ma ɗanta ya zo gari, ba da ita muka dawo ba.

Kujerun da tauri. Tagar ba ta rufuwa sosai. Wani ya yi ta waya da ƙarfi tun daga asibiti. Ƙafata ta dama sai neman birki take a ƙasa duk lokacin da muka doshi tasha, har Maman Auta ta gani ta yi dariya. Na daɗe ban ji dariyarta ba.

Na zauna ta hagunta don kada a taɓa hannun. Ban san me zan yi da nawa hannuwan ba. Babu madubi, babu mai babur, ba abin kallo sai ita. Kumburin fuskarta ya sauka. Akwai furfura a gefen kunnenta da ban san da ita ba. Ta ce min tana ɗan jin jiri, haka kawai ta faɗa, na ce ta jingina. Ta ɗora kai a kafaɗata. Wannan karon barcin gaske ne, har da ɗan minshari.

Na ji an faɗi sunan tasharmu. Na ga ƙofa ta buɗe, na ga matakalar, na ga mai sayar da jarida. Kafaɗata ta riga ta mutu. Ƙofa ta rufe.

Sai a tashar ƙarshe ta farka, mai shara na bin tarago. Ta duba waje ta ce, "Baban Auta, ina ne nan?" Na ce ban lura ba ne, ban saba da hanyar ba. Ta daɗe tana kallona. Sai ta gyara min wuyan riga.

Muka tsallaka ɗaya gefen muka jira mai komawa. Ban kira bakanike ba tukuna.