Yaya Ila, Na Saida Sanka Na Sayi Kuɗɗin Kwantum

Gaisuwa ta ban girma daga ni Sani Kabukabu, sarkin matuƙa babur na Tawa da kewaye, zuwa ga mutanen Takanamat na gida da na Abijan, manya da yara, da masu leƙen wasiƙar da ba tasu ba. Amma da kai nike, Yaya Ila.

Yaya, jan sanka da ka bar mini amana, na saida shi.

Bari in hwaɗa ma yadda anka yi. Wani mai kwat na ɗauko daga tasha, muna tahiya ya ce akwai sabbin kuɗɗi, kwantum sunansu. Ba a iya buga jabunsu, wanda duk ya taɓa kwaikwaya sai su lalace da kansu. Na saida sa na kai mai kuɗɗin, ya ba ni kati mai walƙiya da lamba a jiki, ya ce duk duniya ni ɗai ke da wagga lamba. Ya ce kar in kai wa kowa ya duba, dubawa ma tana ɓata su, na'ura tai ɗai ke iya tantancewa.

Ka san bakina. Kwana ukku ina wa'azin kwantum a fadarmu ta hira, har shayi na huce mini. Malam Isuhu tela da Buba mai faci, ni na kai su wurin mai kwat da babur ɗina, kyauta, su ma sunka saya.

Ka tuna ran da munka sayi sanga? Ka buɗe mai baki ka duba haƙora, dillali na ta hushi. Ka ce mini, "Sani, abin da anka hana ka buɗe bakinai, ka bar musu abinsu." Ni ko anka hana ni dubawa, na ce wannan shi na ilimi.

Ran Lahadi munka hiddo katunanmu a fada don mu burge jama'a. Buba ya karanta lamba tai, na ji tawa ce. Ta Malam Isuhu ma ita ce. Ba wanda ya yi dariya, Yaya. Da sun yi da na hi jin daɗi. Mai kwat kuwa layinai a kashe.

Inna na tambaya ta ko sa ya yi ƙiba, ina ce mata shina Tebaram wurin kiwo. Damana ta matso, da shi za a yi mata huɗa. Ban iya duban idonta.

Allah shi tsare ka a ƙasar mutane, shi maido ka lahiya, shi sa ka iya kallona.

Ba kuɗɗi nike roƙo ba, babur zan saida in maida sa. Vokal ɗai, saƙon murya, nike so ka turo mini, ko na zagi ne, in ji muryarka kahin in tahi in hwaɗa wa Inna.

Ƙanenka Sani, wanda bakinai ya mutu.