Ƙafar Babanku Hannu Take Nema

Zuwa ga babban ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da ƙannenka. Yaya jikin Babanku? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Ni lafiya lau, aiki ne dai ba ya ƙarewa. A gidan tausar da nake, wasu tausar mai suke so, wasu duwatsu masu ɗumi ake jera musu a baya. Ni tafin ƙafa nake matsawa, yini guda a durƙushe.

Ƙanwarka ta ce tun da na taho ba ka taɓa ƙafar Babanku ba, sai dai ka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Wai kunya kake ji. Kunyar me? Ƙafar da ta shanye hannu take nema. A gabanka likita ya ce idan aka bar ta, sandarewa za ta yi. Ka ɗumama mai a tafinka, ka fara daga idon sawu ka yi sama a hankali, safe da yamma. Kada ka danna da ƙarfi, don ko ya ji zafi ba zai faɗa ba.

Tun jiya da ƙanwarka ta faɗa mini na kasa zama wuri ɗaya. Duk ƙafar da na riƙe, tasa nake gani. Yatsuna sun fara ƙin lanƙwasuwa da safe, amma kada ya ji wannan.

Ka ara masa hannunka kafin in kawo nawa. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka.