Garin da ke Zuba a Sahun Gaba

Laraba, 1 ga Zulƙida 1350, Salaga
Ladan Sidiku ya tare ni bayan Azahar, wai gari na zubowa daga babban itacen rufin masallacinmu. Na ce ƙura ce. Ni na yi rufin nan bara. Shekara talatin ina gini, ɗakin da na gina bai taɓa faɗo wa kowa ba.

Juma'a, 3
Sidiku ya kawo mini wani ƙwaro a tafin hannu. Ja-ja, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Babu wanda ya san sunansa, har tsofaffin Gwanjawa, 'yan asalin ƙasar nan. Sidiku ya ce, "Baba magini, daga cikin itacen ya fito." Na murtsuke shi. Wannan abin ne zai ƙaryata ni?

Talata, 7
Wai a kira Mahama daga Yendi ya duba. Mahama! Wanda ni na koya wa riƙon gatari. In ya taka masallacin nan, na bar unguwar.

Alhamis, 9
Na shiga da hantsi, ba kowa. Na ƙwanƙwasa itacen da sanda, ya amsa kamar ganga. Ƙananan ramuka ko'ina, garin har cikin idona.
To, takarda ba ta da baki. Ɗanye na ɗora itacen nan. Ban bari ya bushe ba, ban yi masa hayaƙi ba, don na cika baki gaban jama'a cewa kafin azumi za a yi salla a ciki. Tsoro nake ji, wallahi. Amma ban faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba.

Asabar, 11
Matata Zuleha ta ce na daina cin tuwo. Ina ruwanta.

Lahadi, 12
Sahun gaba, daidai ƙarƙashinsa, nan tsoho Issahaku makaho ke zama tun Azahar har La'asar. Yau na ga garin a kan rawaninsa. Shi bai sani ba, yana ta jan carbi.

Talata, 14
Na kafa ginshiƙai biyu na busasshiyar ƙirya ƙarƙashin itacen, ni kaɗai. Na ce wa Sidiku ginshiƙan na rataye fitila ne. Na kuma ce in Mahama ya biyo ta nan, ya zo mu gaisa, gaisuwa kawai.
Sidiku ya dubi ginshiƙan, ya dube ni, ya ce Allah ya saka.
Fitila ɗaya masallacin ke da ita.